Watan da Ba a Shiga Asibiti

"Ki rage murya, Siok-tin. Ƙaninki na ji."

"To ya ji mana! Ɗanki ne, ba yaron shago ba. Ya ji abin da uwarsa ke ɓoyewa a cikin riga."

Ina bayan shago ina cire ƙayar kifin gobe. Mun tashi daga ciniki, an kife kujeru a kan tebura, tukunyar faten shinkafa na jiƙe cikin ruwa. Inna na tsaye da tsumma a hannu. Yayata Siok-tin ko jakarta ba ta sauke ba. Jiya Inna ta kira ta a waya tana tambayar ko a birnin Kaohsiung, inda take aure, ana sayar da man shafawa mai narkar da ƙullutu. Ba ta faɗi inda ƙullutun yake ba. Yaya ta bar jaririnta wurin uwar mijinta, ta hau motar safe ta zo garinmu Tangkang.

"Na ce zan je," in ji Inna. "Ban ce ba zan je ba. Wata ya fita tukuna."

"Jiya-jiya watan ya kama, Inna!"

"To ai zai fita. Kin taɓa ganin watan da ya zauna?"

"Shi kuma abin da ke nononki zai tsaya jiranki? Kalanda gare shi?"

Wuƙar ta zame ta yanke ni a yatsa. Na sa yatsan a ƙarƙashin famfo, na tsaya kallon ruwan yana canja launi.

Wata na bakwai ne. An buɗe ƙofar matattu, 'yan'uwa nagari suna cikin gari. Haka muke kiransu, ba a cewa fatalwa, kar ransu ya ɓaci. Ba a ɗaura aure, ba a tarewa a sabon gida, ba a iyo a teku, ba a barin shanya ta kwana a waje. Ba a kuma kwanciya a gaban likita. Asibiti matattararsu ce. Waɗanda suka mutu a can ba su sami mai raka su gida ba suna nan a barandoji, suna neman wanda zai canje su.

"Ba wanda ya ce yanka ki za a yi," in ji Yaya. "Hoto za a ɗauka. In ta kama, a sa allura a ɗebo kaɗan a duba. Shi ke nan."

"Haka aka ce wa Giok-hun."

Iya Giok-hun yayar Inna ce. A wata na bakwai aka yi mata aiki, ba ta ga ƙarshen na takwas ba. Ina firamare lokacin. Fuskarta ta ɓace mini. Abin da ya rage shi ne warin ɗakinta, da ganyen da ake dakawa a liƙa mata, da Inna a bayan gida tana wanke tsummokara ta kau da kai gefe.

"Wata ne ya kashe Iya?" in ji Yaya. "Shekara da shekaru tana ɓoyonsa tana liƙa ganye. Sai da ya fashe, sai da maƙwabta suka fara toshe hanci, sannan aka ɗauke ta. Ko a wane wata aka kai ta..."

Inna ta maka tsumman a kan tebur.

"Kar ki ƙara ambaton ta da wannan bakin. A watan nan. Mai yiwuwa tana bakin ƙofar nan tana jin ki."

"In tana ji, ta shigo ta faɗa miki gaskiya."

"Fita mini daga shago, marar kunya. Kin je birni kin koyo tsayawa a kan uwarki."

Da yamma na kai Yaya tasha a babur. Sai da ta sauka ta miƙo mini hular kwano ta ce, "Na taɓa shi, A-Bun. Da hannuna."

"Yaya yake?"

"Tauri. Ba ya motsi a ƙarƙashin yatsa. Ta ce ba ya mata ciwo."

"To ai da sauƙi ke nan."

"Sakarai. Rashin ciwon ba ya nufin komai." Ta share hanci da bayan hannu. "Mata da yawa ana dubawa a ga ba wani abu ba ne. Amma ni ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Sai an duba. Ka san abin haushin? Yanzu asibiti wayam yake, kowa ya gudu. Yau ka nema gobe a gan ka. Da zarar wata ya fita, duk masu jira za su ɗunguma, sai ka ga layi har titi. Kai ne a gida. Ka san yadda za ka yi da ita."

"Ni? Me zan ce mata? Ni fa namiji ne."

"Da shi ta shayar da kai, ɗan rainin wayo. Lokacin ba ka ji kunya ba."

Mota ta zo ta tafi da ita.

Baba yana teku a jirgin kamun manyan kifi, ba zai sauka ba sai dab da sabuwar shekara. Inna ta ce duk wanda ya gaya masa ba ita ta haife shi ba. Saboda haka mu biyu ne a gidan, da abin.

Na fara kallon ta. Ban taɓa kallon Inna ba sai yanzu. Kifin da muke dafawa ƙaya ce da shi kamar gashi, ni sai na ɗaga shi a haske nake ganin su, ita kuwa yatsa kawai take bi da shi a kan tsokar ta zaro. Yanzu in ciniki ya lafa, sai in ga wannan hannun ya sulale ƙarƙashin rigar girki, ɓangaren hagu. Ya ɗan jima. Ya fito. Ta goge shi a cinya kamar ta taɓa wani abu mai datti.

Na duba a waya sau ɗaya. Hotunan da suka fito sun sa na kife wayar a kan tebur, ban ci abincin rana ba.

Sai na kama wata ɗabi'a da ban gaya wa kowa ba. In zan wuce ta bayanta a wurin tukunya, sai in rage sauri in ja numfashi. Ina neman warin ɗakin Iya. Citta nake ji, da kifi, da sabulu. Sai in sami sauƙi na ɗan lokaci. Kafin a jima in sake wucewa.

"Me kake shinshina kamar kare?" ta ce wata rana.

"Ba komai. Inna, in kai ki asibiti a babur mana. Mu je mu dawo rana ba ta yi sanyi ba."

"An rufe ƙofar matattu ne ban ji ba?"

"A'a."

"To kai wa tebur na ƙarshe kwanonsa."

Na kai.

Ranar tsakiyar wata duk layinmu aka fito da tebura bakin titi. Kaji, naman alade, shinkafa, lemon kwalba, ko'ina an soke turaren tsinke. Mun ajiye kwanon ruwa da tawul a ƙasa don baƙin su wanke fuska kafin su ci. Hayaƙin kuɗin takarda da ake ƙona wa matattu ya cika layin, ido na yaji. Maƙwabciyarmu A-Kim mai sayar da jatan lande ta leƙo daga teburinta.

"A-Bun, wannan fuskar taka, ko 'yan'uwa nagari suka gani sai su koma tun wata bai ƙare ba. Budurwar ce ta gudu?"

"Wace budurwa? Wa zai so mai ƙarnin kifi?" in ji Inna.

"Ke ma ai an so ki da shi, Giok-lan." A-Kim ta bushe da dariya, sannan ta dafe kunci. "Wayyo haƙorina. Kwana nake ba barci. Ɗana wai in je a cire. Na ce a watan nan? Ko farce ba na yarda a yanke mini."

Inna ta juyo ta kalle ni. Ka ji ko, in ji idonta.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, da ƙarfi, yadda A-Kim za ta ji, "To mu je mu tambayi Uwar Teku. Abin da ta ce shi za a yi."

"Tambayar me?" A-Kim ta miƙo wuya.

Inna ta yi fari fat. "Wai teku yake so ya bi ubansa," ta ce da sauri.

"To ai gaskiyarsa. Irin wannan ba a yanke shi a gida. Ku je ku tambaya."

A gaban mutane ba a ƙin zuwa wurin Uwar Teku, abar bautar garinmu mai tsaron masu shiga ruwa. Washegari bayan mun tashi, Inna ta canja riga, muka tafi.

An rufe babbar ƙofar ɗakin bautar kamar kowane wata na bakwai, ta ƙofar gefe muka shiga. Ba kowa sai wani tsoho yana gyangyaɗi a kujera. Sai a nan na gane abin da na yi. Katako biyu ake jefawa a tambaye ta, jajaye masu siffar jinjirin wata, kowanne fuska ɗaya a shafe, ɗaya da tudu. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, ta ce e. In duka suka kife, ta ce a'a. In duka suka buɗe, dariya take maka. Sai e ta fito sau uku a jere ake cewa ta yarda. Sau uku a jere ba wasa ba ne. Na ɗauki uwata na sa a caca. In ta faɗi a'a, bakina ya mutu har ƙarshen wata, kuma ni na jawo.

Inna ta kunna turare ta durƙusa. Ta faɗi sunanta, da ranar haihuwarta, da layinmu, da lambar gida. Sauran maganar a ciki ta yi ta, leɓe kawai nake gani. Ta ɗaga katakon daidai goshi ta saki.

Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Ta tsince su. Ta saki. Ɗaya ya yi ta juyi a kan dutsen kamar ba zai tsaya ba. Ya tsaya. E.

Na uku ban kalla ba, ƙarar kawai na ji. Da na buɗe ido Inna na durƙushe tana kallon ƙasa, ba ta motsi. Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Na dafa ginshiƙi.

Sai na ga ta sake tsince su.

"Inna?"

"Ban faɗi tambayar daidai ba."

Ta motsa leɓe, ta saki. Dariya. Ta sake. E. Ta girgiza kai, ta sake wata tambayar. Tana jefawa tana tsincewa, har ɗaya ya gangara ƙarƙashin teburin hadaya ta bi shi da rarrafe. Tsohon nan ya farka yana kallon mu. Can dai duka biyun suka kife.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Ka gani. Ta ce a'a."

"Na gani," na ce. "Duka na gani."

Ta fita. Na same ta zaune a kan matakala ta gefe, inda inuwa take. Na zauna nesa kaɗan. Babura na wucewa. Wani yana ƙona takardu a cikin garwa a tsallaken titi.

"Ba watan ba ne," na ce.

Da ta fara magana ba ni take kallo ba.

"Bayan rasuwar Giok-hun wata ma'aikaciyar jinya ta zo kasuwa, ta tara mu mata a bayan rumfar ƙanƙara. Ta nuna mana yadda ake yi. Wata-wata, in al'ada ta wuce. A wurin wanka, da sabulu a hannu don yatsu su yi santsi. Ki ɗaga hannu ɗaya, ki bi da yatsu uku a kwance, kina zagayawa, kar ki bar ko'ina. Ki tsaya gaban madubi ki duba ko fata ta lotsa, ko kan ya shige ciki. Sauran suna ta dariya suna tsokanar juna. Ni ban yi dariya ba. Ban taɓa fashi ba, A-Bun. Duk shekarun nan. Da al'adar ta ɗauke sai na mai da shi ranar farko ta kowane wata. Kullum ba komai. Har na ɗauka dubawar ce take tsare ni, kamar laya."

Kunnuwana sun yi zafi. Ban ɗago ba.

"Ta ce mana in kun ji wani abu ku zo a satin, kar ku jira. Na ji ta sarai. Amma ran da yatsana ya tsaya a kansa, sai na wanke sabulun na fito na ɗora tukunya."

"Yaushe?"

"Lokacin bikin sharar kaburbura."

Na lissafa a raina. Tun kafin zafi ya shigo ke nan. Yaya ta ɗauka kwanan nan ne.

"Kamar ƙwayar wake yake a lokacin. Na ce bari bikin Uwar Teku ya wuce, ciniki ya yi yawa. Ya wuce. Na ce bari bikin wata na biyar ya wuce. Sai Siok-tin ta haihu, na ce ba yanzu ba. Da na bakwai ya kama har daɗi na ji. Wannan kam ba wanda zai ce laifina ne."

"Yanzu ya kai yaya?"

Ta ɗago babban yatsanta, ta kama gaɓar sama da ɗaya hannun. Ta nuna mini. Na kalli gaɓar. Na kasa daina kallo.

"Muddin ban je ba, ƙullutu ne kawai," ta ce. "Ran da na shiga, likita zai raɗa masa suna."

Ba na iya lallashi, ban taɓa iyawa ba. Abin da ya zo bakina mugun abu ne, na kuma san mugu ne kafin in faɗa.

"Kin tambaye ta, ta amsa miki sau uku. Kika yi ta jifa har kika ƙaryata ta a ɗakinta. Baba kuma yana kan ruwanta."

Ta juyo a hankali. Na ɗauka mari ne. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Kai mugu ne," ta ce. "Shiru-shiru, ashe mugu na haifa."

"E."

Ta tashi ta koma ciki. Na hango ta ta ƙofa ta durƙusa, goshinta a ƙasa, ta daɗe a haka. Da ta fito idonta ya yi ja, tana riƙe da 'yar jar laya.

"Da tsakar rana za mu je, lokacin da rana ke da ƙarfi. Ka tsinko mini ganye a bishiyar bakin ƙofa in sa a aljihu, in mun fito in yar a hanya. Kar kowa ya kira cikakken sunana a can, su ji su biyo ni. Kar ka dafa mini kafaɗa. Kira yayarka."

Yaya ta samo mana ranar da ba ta yi nisa ba. Ba mu buɗe shago ba. A-Kim ta leƙo tana tambaya, Inna ta ce za mu ganin jika.

Asibitin sanyi kamar rumfar ƙanƙara. Kujeru jere-jere ba kowa a kai, sai wata mata da mijinta can ƙarshe. Takalmanmu na ƙara a baranda. Inna ta zauna a tsakiyarmu, hannu ɗaya a aljihun da ganyen yake. An riga an ɗauki hoton farko, ta fito tana cewa injin ya matse ta kamar ana tatsar waken suya. Ba wanda ya yi dariya.

"Inna, ki saurare ni," in ji Yaya ƙasa-ƙasa. "Ko da shi ne. Ko da shi ne fa na ce. In yana wurinsa shi kaɗai bai yaɗu ko'ina ba, ko hammata bai kai ba, cire shi ake yi, a yi magani, ki koma kan tukunyarki kina zagin A-Bun. Uwar ƙawata haka aka yi mata, ga ta can tana rawa a filin unguwa kullum da safe."

"In bai yaɗu ba," in ji Inna.

"E."

Ƙofa ta buɗe. Wata ma'aikaciya ta leƙo, ta ɗaga murya duk da ba kowa a wurin.

"Ang Giok-lan!"

Sunan ya bi barandar har ƙarshe ya dawo. Inna ta sandare. Ba ta amsa ba, ba ta waiga ba. Ni na miƙe na ce, "Ga mu nan."

Ta kama wuyan hannuna ba ta saki ba, har cikin ɗakin. Ma'aikaciyar ta kalle ni, ta kalli hannun, ta nuna mini kujera a bayan labule. Yaya ta shiga ciki da ita. An rage fitila. Ba na ganin komai sai ƙafafun gado da takalman Inna a jere a ƙasa, ɗaya ya ɗan karkace.

Likitar mace ce, muryarta a kwance.

"Zai yi sanyi kaɗan, Inna, ki yi haƙuri. Ke kika gano shi da kanki? Madalla. Da duk mata na dubawa haka, da aikinmu ya yi sauƙi. Kin kyauta da ba ki jira wata ya fita ba."



Injin na ɗan ƙara. Tana danna wani abu, ƙit, ƙit. Ta ce za ta so a sa allura yau a ɗebi kaɗan, ba sai an sake dawowa ba. Inna ta ce to. Na ji ta ce to, na saki numfashi.

"Ɗaga mini hannun sama, Inna. Sosai. Ɗora shi a bayan kai."

Gadon ya motsa. Ƙit. Sai dannawar ta tsaya.

Na jira ta ci gaba. Ba ta ci gaba ba. Ta ƙarƙashin labule na ga ƙafar Yaya ta matsa kusa da gadon. Likitar ta gyara zama, kujerarta ta yi ƙara. Da ta sake magana, muryar ta ragu.

"Wannan na cikin hammatar fa, tun yaushe yake nan?"